Tsallaken Inna Hansai

A zamanin da mutanen Runka ke kwana cikin kafi don tsoron mahara daga Maraɗi, babu gidan garin da ƙafar Hansai ba ta taka ba, domin ita ce ungozoma. Ta fi shekara talatin tana yankan cibi. Magidanta masu gemu, in ta gamu da su a hanya, sai ta tsayar da su ta faɗa musu yadda suka zo duniya, wane da ƙafa ya fara fitowa, wane sai da aka yayyafa masa ruwan sanyi kafin ya yi kuka, su kuwa su yi dariya su sunkuyar da kai. Da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji a raye, sai 'yarta Zuwairatu ta roƙi maigidanta Ya'u, ya gina wa tsohuwar ɗan ɗaki a bayan rumbu, ta dawo wurinsu da zama.

Zuwairatu ta kai shekara arba'in, kuma sana'arta daddawa. In ta ɗora tukunyar kalwa tun da hantsi, kafin kwana uku warin ya cika unguwa, mata su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, wata da kuɗin wuri, wata da ɗan gero a ƙwarya. Ko wadda ba ta zo saye ba takan leƙo ɗiban wuta, don murhun Zuwairatu ba ya mutuwa. Gida ne mai shige da fice, kuma shekarar farko tsohuwa ta ji daɗinsa. Tana zaune a inuwar rumbu da mazarinta tana kaɗi, kowa ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe ta.

A damina ta biyu abin ya fara. Wata safiya Hansai ta fito tana cewa an sace mata askarta ta yankan cibi. Aka birkice ɗaki ba a gani ba, sai can da yamma Zuwairatu ta tsince ta cikin goran gishiri. Ta kai mata tana dariya, amma tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta karɓa, ta dubi 'yarta ido cikin ido, ta ce ai ta san za a mayar da ita tunda an ga ta gane. Bayan wannan sai abawa ta ɓata, sai zobe, sai takalmi ƙafa guda. Daga nan ta daina cin tuwo sai Zuwairatu ta fara kai loma biyu a gabanta. Ran nan Ya'u ya dawo daga gona, ya tsaya nesa kamar yadda suruki ke yi, ya gaishe ta. Ba ta amsa ba. Sai da ya shige ta jawo zanen Zuwairatu ta yi ƙasa da murya.

"Wai wannan mutumin mi yake nema a gidan nan kullum?"

Zuwairatu ta ɓoye abin iyakar ƙoƙarinta. Wanda ya tambaya sai ta ce ciwon kai ne ke damun Inna, wani lokaci ta ce masassara. Mata kuma suka daina aikowa a kira Hansai wurin haihuwa, suka koma wa wata tsohuwa ta unguwar maƙera, ba tare da kowa ya ce komai ba. Sai dai kunnen Hansai bai tsufa ba. Da ta ji guɗa sai ta miƙe ta fara laluben askarta.

Danga ɗaya ce tsakanin gidan Ya'u da gidan Mani. Matar Mani, Lami, ta binne 'ya'ya biyu tun suna goye, na farkon sunansa Ɗanjuma. A kakar wannan shekara ta haifi na uku, namiji, tana riƙe da shi kamar ƙwai. Kwanansa huɗu a duniya, Zuwairatu na can bayan gida tana surfen kalwa, tsohuwa ta zare jiki ta fita. Ta shiga ɗakin mai jego babu sallama, ta ɗauki jaririn daga kan gado da hannun da ya saba, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana dubansa.

"A'a, Ɗanjuma ne," in ji ta. "Ka dawo ke nan? To, bari mu gani ko wannan karon za ka zauna."

Lami ta fizge ɗanta tana kuka. Matan da ke zaman jego suka riƙo tsohuwar suka rako ta gida, suka ce wa Zuwairatu ba komai, tsufa ne. Amma da yamma aka nemi hular jaririn, wata 'yar hular saƙi da aka ɗinke laya a jikinta, sama ko ƙasa ba a gani ba. Bayan suna da kwana biyu yaron ya ƙi nono, jikinsa ya yi zafi, maɗigarsa ta faɗa.

Babu wanda ya zo ya faɗa wa Zuwairatu abin da ake cewa. A jikinta ta ji shi. Ranar farko mace biyu kaɗai suka zo ɗiban wuta, washegari babu ko ɗaya, alhali tana ganin hayaƙi na tashi a kowane gida. Daddawar da ta shanya ta bushe a faifai, ta tattara, ta sake shanyawa. In ta doshi rijiya sai ta ga hira ta yanke tun tana nesa, a amsa gaisuwarta da sauri, mai goyo ta juya ta sa bayanta wajen bango. Ta fara lura da abubuwan da da ba ta damu da su ba, wa ya dubi wa kafin ya amsa mata, wace ce ta ja zane ta rufe kan ɗanta, me ya sa matar liman ta bi ta wata hanya. Wata rana tana wanke tukunya ta ji muryar wata 'yar yarinya daga bayan danga tana cewa "kurwata kur," sai ƙarar gudu da dariya. Nan ta ajiye tukunyar. Ta gane maita ake jingina wa uwarta.

Mutum ɗaya ce ba ta sauya ba, Fanta, wata Bafulatana da ke kawo nono daga rugar gefen daji. Kullum takan sauke ƙwaryarta a gidan, ta zauna kusa da tsohuwa, ta bar ta tana ba ta labarin da ba kai ba gindi. Zuwairatu ta rasa yadda za ta ɗauki wannan. Mai nono gida-gida take shiga, kuma abin da ta gani a nan, wa ya san inda take sauke shi?

Ranar kasuwar Safana, gari ya yi shiru, tsohuwa ta yi barci a tabarma a tsakar gida. Zuwairatu ta shiga ɗakinta da tsintsiya. Da ta kai ƙarƙashin gadon kara sai tsintsiyar ta bugi wani abu. Ta jawo, sai ga tsohuwar tukunya an rufe bakinta da tsumma. A ciki akwai ludayi wanda ba na gidan ba, da mazarin wata, da igiyar ɗaure ɗan akuya, da busasshen ƙullin fura, da warwaro guda na yarinya, da gashin kai an dunƙule shi. Can ƙasa ga hular jaririn Lami da layarta.

Ta zauna a ƙasa da tukunyar tsakanin ƙafafunta. Ta san uwarta na ɓoye kaya, ba yau ta fara ba. Amma gashin na wa? Kuma me ya sa hular yaron, ba wani abu ba? Sai ta shiga tuna jariran da suka mutu a hannun Hansai cikin shekarun nan, waɗanda a lokacin kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ta tuna kuma abin da kowa ya sani a garin, cewa maita a nono ake shanta. Idan gaskiya ne, to, ita ma ta sha, kuma ta shayar da 'yarta Safiyatu. An ce maye yana ganin cikin mutum har hanji. Da Safiyatu ta dawo daga ɗiban itace, yarinya 'yar shekara takwas, Zuwairatu ta kira ta ta tsayar da ita a rana, ta ƙura wa cikinta ido, tana jira ta ga ko wani abu zai buɗe mata. Ba ta ga komai ba sai cibiya da ƙurar hanya. Yarinyar ta tambaya ko ta yi laifi ne. Ta ce mata a'a, je ki sha ruwa, ta kuma yi ta istigfari har la'asar.

Da Ya'u ya dawo ta ja shi cikin rumbu ta nuna masa. Mayar da kayan ba zai yiwu ba, don duk wanda aka kai wa nasa zai tambaya inda aka samo shi. Ƙonawa kuma, in wani ya ji ƙaurin gashi, an shiga uku. Suka tsaya a kan a binne tukunyar ƙarƙashin tulin tokar da Zuwairatu ke tarawa don aikin kalwa. Ya'u ya ce maganar ta mutu a nan, ko 'yan'uwansa ba za su ji ba.

Kwana biyu tsakani, gari duka ya san da tukunyar. Har abin da ke ciki aka riƙa lissafawa a bakin rijiya, ludayi, igiya, warwaro, hula. Mutum biyu suka san wannan abu, ita da mijinta. Ta kai masa tuwo ta ajiye ba ta dube shi ba. Ta tuna jiya ya daɗe a zauren wansa bayan magariba, ta tuna kuma tun watan jiya yake cewa zaman Inna ya fara yi wa gidan nauyi. Shi ma, ta lura, kallonta yake ta gefen ido, kamar yana zaton ita ce ta kasa riƙe bakinta. Ta tsare Safiyatu a bayan ɗaki tana tambayarta ko ta leƙa, har yarinyar ta fashe da kuka. Da Fanta ta zo da nono, Zuwairatu ta ce ba sa bukata, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta matsa ba.

Fanta ta sauke ƙwaryarta a nan waje. Ta ce ta san abin da ke ran Zuwairatu, kuma ba ta ga laifinta ba, amma gara ta ji gaskiya. Shekaranjiya da sassafe, lokacin da Zuwairatu ta tafi tsinkar ganyen rufe kalwa, Inna ta fita ta tafi rijiya, mata cike. Ta tsaya tana kuka tana cewa 'yarta ta cikinta ta haɗa kai da wani baƙo sun sace mata tukunya. Matan suka tambaye ta abin da ke ciki, ita kuwa ta lissafa musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta ko guda ba.

"Ina nan a wurin," in ji Fanta. "Na ce musu kakana ma haka ya yi. Shanunsa sun ƙare da daɗewa, amma kullum sai ya shimfiɗa igiyar dangwali ya zauna yana jiran maruƙan da zai ɗaure. Tsufa ne ke taɓa kai. Suka ce wannan na Fulani ne, nasu daban."

Zuwairatu ta matsa ta ba ta hanya. Ba ta iya ba ta haƙuri ba, sai dai ta kawo mata tabarma.

Washegari bayan azahar mai gari ya aiko. An taru a ƙofar gidansa, maza a gaba, mata sun yi cincirindo a bayan darni. Mani ya tsaya ya ce shi ba faɗa ya zo yi ba, ɗansa yake so a sakar masa. Liman ya ce shi bai ga inda shari'a ta kama mutum da irin wannan zato ba, kuma matar da ba ta san ko yau wace rana ba ce, ko salla an ɗauke mata, balle a tuhume ta. Aka yi gunaguni. Wani daga baya ya ce ai ita da bakinta ta faɗa. Mai gari ya dubi taron, ya dubi samarin da ke tsaye da sanduna a gefe, sai ya ce abin da zai kawo kwanciyar hankali shi za a yi: a mayar da hular, tsohuwa ta kuskure baki a ba yaron ya sha, ta tsallake shi sau uku. In ba ta riƙe komai ba, ba abin da ta rasa. Wasu suka ce a al'ada sai an tuɓe mata zane. A nan liman ya miƙe tsaye ya ce in aka taɓa zanenta shi ya bar limancin garin, aka bar wannan.

Aka tura Zuwairatu ta zo da ita. Tana tafe tana neman abin da za ta faɗa mata, amma da ta ce ana kiranta saboda ɗan Lami, sai fuskar tsohuwar ta washe kamar an kunna fitila. Ta ce ai ta san za su neme ta. Ta sa aka ɗauko mata zanenta na saƙi mai baƙi, wanda take ɗaurawa ranar suna, ta ɗaura kallabi, ta soke askarta a ƙugu. A hanya har tana gaggauta 'yarta, wai ba a sa mai naƙuda jira.

Da suka iso, mutane suka dare. An shimfiɗa jaririn a kan buzu a tsakiyar fili, ya rame, kukansa ƙasa-ƙasa. Hansai ta dudduba, ta ga maza.

"Ina mai naƙudar? Mi maza ke yi a nan?"

Aka miƙo mata ruwa a ƙoƙo, Zuwairatu ta ce, "Inna, kuskure bakinki ki zuba a nan." Ta yi, tana duban 'yarta da mamaki. Sannan Zuwairatu ta riƙe mata hannu ta ce ta ɗaga ƙafa ta haye yaron. Tsohuwar ta turje. Ta ce ba a tsallake jariri, kowa ya san ba a yi, ita da ta hana mata yin haka shekara da shekaru. Gunaguni ya tashi, wani ya ce kun gani, ta ƙi saki. Zuwairatu ta ga samarin sun matso. Ta sa bakinta a kunnen uwarta ta roƙe ta don Allah don Annabi, ta ce magani ne liman ya bayar. Sai tsohuwar ta tattare zanenta, ta haye a hankali, tana kaffa-kaffa kada gefen zanen ya taɓa fuskar yaron. Sau uku. Da ta gama ta juya wajen Lami ta tambaye ta ko ana dama mata kunun kanwa da kyau. Lami ta sunkuya ta ɗauke ɗanta ba ta ɗago ba.

Kwana uku Zuwairatu na roƙon Allah yaron ya tashi, tana ganin in ya tashi magana ta ƙare. A rana ta uku ya kama nono. Kafin mako ya zagayo maɗigarsa ta cika, ana jin kukansa ta kan danga da ƙarfi. Ta yi hamdala, ta ɗora kalwa. Amma ba wadda ta shigo. A rijiya ne ta ji wata na faɗa wa wata, ba ta ma rage murya ba, cewa da can zato ake yi, yanzu kuwa kowa ya gani da idonsa: tana tsallake shi ta sake shi. Zuwairatu ta tsaya da guga a hannu. Ta gane da yaron ya mutu, cewa za a yi ta cinye shi, kuma tun ranar da aka shimfiɗa buzun nan babu yadda abin zai faɗi ya wanke uwarta.

Daga nan ƙofar gidan Ya'u ta koma wani abu dabam. Duk wadda ɗanta ya yi zazzaɓi sai ta tuna Hansai ta taɓa dubansa, mijinta ya zo ya tsaya a waje ya ce a fito da tsohuwa. Har wani mutum ya zo daga wajen Safana da matarsa a kan jaki, matar da Hansai ba ta taɓa gani ba. Ya'u ya kori na farko da na biyu, na uku ya zo da 'yan'uwansa. Tsohuwar kuma ta ƙara rikicewa. Ta daina yarda da ruwan randa, tana cewa mutanen nan da ke taruwa a waje ita suke jira su kashe, kuma Zuwairatu ba ta da bakin ce mata ƙarya ne.

Wata ranar Laraba maƙerin garin ya shigo, wai ya zo gaida Ya'u. Bai taɓa zuwa ba. Ya tsuguna a tsakar gida ana gaisawa, amma Zuwairatu, daga bakin murhu, ta ga idonsa ba ya kan Ya'u. Ƙafafun tsohuwa yake kallo, wajen idon sawu, har ya ɗan haɗa yatsunsa biyu kamar mai awo. Da ya fita ta bi mijinta zaure.

"Malam, kai ka kira shi?"

"Ban kira shi ba," in ji Ya'u. "Amma ban kore shi ba."

Ya ce mata yayyensa sun zauna da shi. Samari sun yi rantsuwa in tsohuwa ta sake shiga gidan wani, jifa za su yi. Marin ƙarfe a ƙafa, a ganinsu, ya fi gawa a hanya, kuma shi ya rasa abin da zai ce musu. Zuwairatu ta dube shi tana neman ta gane ko tsoron ran tsohuwa ne ke magana a bakinsa ko gajiya da ita. Ba ta gane ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Ta ce ƙarfe ba zai hau ƙafar da ta yi yawon karɓar haihuwar garin nan ba, in dai tana numfashi. Ta roƙe shi izini ta kai Inna garin Yasore, wurin Kawu Usaini, ƙanin Innar, ta zauna da ita a can. Ya ce hanya ba lafiya. Ta ce za su bi 'yan kasuwa. Ya yi ta jan magana har kwana biyu, sannan ya yarda, da sharaɗin Safiyatu ta zauna wurin gwaggonta, don a raba sunan yarinyar da wannan magana. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, amma ta ga gaskiyarsa.

Bayan an gama yankan gero suka bi ayarin masu kai gishiri da kanwa, tsohuwa a kan jaki, tafiyar yini guda. Fanta ce kaɗai ta rako su har bayan kafi, ta ba su fura a ƙwarya.

Labari ya riga su isa Yasore. Zuwairatu ta gane haka tun daga yadda Kawu Usaini ya tare su a waje, bai ce su shiga ba. Ya gaida yayarsa, ita kuwa ta tambaye shi ko shi ɗan wane ne. Idonsa ya kawo ruwa. Duk da haka ya ce gidansa akwai masu goyo biyu, kuma surukansa sun yi magana. Akwai wata bukka kusa da ƙofar gari inda yake ɗaure awaki da damina, zai sa a gyara rufinta. Hatsi kuma ba za su rasa ba. Abu ɗaya yake roƙo, kada Yaya ta shiga gidan kowa.

A wannan bukka suka yi shekara guda da rabi. Zuwairatu ba ta sake ɗora kalwa ba, don ta san ba mai saye. Sai ta koma kaɗi, matar Kawu na karɓar zaren ta kai wa masaƙa a matsayin nata. Ta gano in hannun tsohuwa na da aiki ƙafarta ba ta yawo, sai ta riƙa tara mata auduga tana cire gurya tun safe har rana ta yi tsaka. Daga baya ta naɗe wani ɗan gora da tsumma ta miƙa mata. Hansai ta karɓe shi da hannu biyu, ta duba shi ta ko'ina, ta goya, kuma tun daga ranar ta rage kuka. Mutanen Yasore ba su jefe su ba, ba su kuma matso ba. Yara kan tsaya daga nesa su leƙa, a kira su da tsawa. In wani ya ajiye musu ɗanyen wake ko kuka a bakin bukka, Zuwairatu kan juya abin ta shinshina kafin ta dafa, tana jin haushin kanta da yin haka.

Can wajen ƙarshe tsohuwar ta daina gane ta. Takan kira ta baiwar Allah, ta gode mata da kunu, ta ce ita ma tana da ɗiya a Runka, sai dai ɗiyar ta yashe ta. Ranar farko Zuwairatu ta fita bayan bukka ta yi kuka. Daga baya in ta faɗa sai ta ce mata, "Za ta zo, Inna, hanya ce ba lahiya."

Da bazara, ana jiran ruwan farko, Hansai ta kwanta kwana biyar ta cika da hantsi. Zuwairatu ta aika gidan Kawu. Matan da ke wankan gawa a garin kowace ta sami uzuri, sai matar Kawu ta zo ita kaɗai, tana zuba ruwa Zuwairatu na wankewa. Maza bakwai suka tsaya bayan liman, har da wani baƙo mai jaki da ya tsaya shan ruwa a ƙofar gari, bai san ko wace ce ba.

Ya'u ya iso bayan sadakar bakwai. Ya rame, gemunsa ya fara fari. Ya yi wa Kawu gaisuwa, ya je kabari ya yi addu'a, washegari da sassafe suka kama hanyar Runka, ƙunshin kayanta a kan jaki, su biyu a ƙasa. Da suka yi nisa ya fara ba ta labarin gida. Safiyatu ta yi tsawo, ta iya tuƙa tuwo. Rumbu ɗaya ya zube da damina ya sake gini. An yi hari sau ɗaya wajen gonakin yamma, amma ba a kama kowa ba.

Ta tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa tambayar lafiyarta a garin. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce matar liman ta tambaya, da wata daga unguwar maƙera, har ta ce a gaishe ta. Zuwairatu na bayansa, ba ta ganin fuskarsa, sai ƙeyarsa da gumi ke bi. Ta so ta tambayi sunan ta biyun, ta ga in ƙirƙira ya yi don ya faranta mata, tambayar za ta kunyata shi, sai ta bari.

Da rana ta take suka sauka gindin wata tsamiya, ta dama musu furar da matar Kawu ta ba su, suka sha. Ya'u ya ce in suka ɗaga ƙafa za su shiga gari kafin la'asar, da sauran mutane a waje. Ta ce ita dai ƙafarta na ciwo, su ɗan ƙara hutawa. Ya dube ta, ya je ya sassauta wa jakin igiya ya bar shi yana kiwo.